Na Je Rillieux Neman Miki Yafiya

Assalamu alaiki, Hajiya Hadiza, uwar Rabi, uwar gidana.

Bayan sallama irin ta addini da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan ta same ki cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da yalwa da haske. In kin tambaye mu, muna nan lafiya, sai dai gwiwar nan da kika sani, wadda ke ci mini mutunci duk ranar da asansar, wato na'urar hawa bene, ta gidanmu na Minguettes a nan Lyon ta lalace na koma hawan matakala. Rabi tana gaishe ki daga Paris, ita da maigidanta da yara. Damagaram ma lafiya lau, an ce damina ta yi kyau bana.

Na san akwai masu leƙen wannan wasiƙa a shafin nan. Ku karanta, ba komai, amma ku sani da matata nake magana.

Dije. To, na gaji da Hajiyar nan, bari in kira ki da sunan da bakina ya saba. Wata magana ce ta taso bayan tafiyarki, ta hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ita daga farko har ƙarshe in ba ke ba.

Ranar zaman makokinki, liman ya ce duk wanda ke bin ki wani haƙƙi ya faɗa, ko kuma ya yafe. Kowa ya ce ya yafe. Madam Buwa tana zaune cikin mata, ta yafa mayafinki da Rabi ta ara mata. Ga masu leƙe: Madam Buwa ita ce aminiyar matata ta sama da shekara arba'in, ƴar ƙasar Lawos ce, ta gudo lokacin da ƴan kwaminis suka karɓi ƙasarsu. Da Rabi ta fassara mata maganar liman, sai ta yi dariya cikin kuka, ta ce, “Me zan yafe wa Dije? Ai ita ya kamata a tambaya ko ta yafe mini surutuna.” Na ji sanyi a raina ranar nan, na ce kin tafi wanke. Ashe akwai abin da ba ta sani ba, ke ma ba ki sani ba.

Kin tuna zamanmu na farko a Villeurbanne, ɗakin nan da in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa? Ni na zo karatun injiniya, lissafi ya kayar da ni ƙasa warwas, na koma ɗaukar kaya a magaza, ɗakin ajiyar kayan ƴan kasuwa. Ke kuwa kina jami'a kina karatun zamantakewar al'umma, kanki na ja, kina dawowa da littattafai masu kauri kina karanta mini abin da ban tambaye ki ba. A shekarun ne aka riƙa kawo mutanen Lawos da Kambodiya da Biyetnam ana zuba su a dogayen gidajen unguwar Rillieux, a gefen Lyon. Muna ganinsu a tashar bas, sun naɗe cikin rigunan sanyin sadaka da suka fi ƙarfinsu, ba sa kallon kowa a ido.

Sai farfesanku ya samu kuɗi daga wata gidauniya a Paris don a yi bincike a kansu. Me ya koro su, yaya suke samun aiki, me suke ci, yaya yaransu ke yi da lakkol, wato makaranta. Ya aika ɗalibai Faransawa, aka ba su shayi da “to, mushe, madalla, mushe”, wato yallaɓai irin na Faransawa, suka dawo hannu rabbana. Ya aika ƴan ƙasarsu masu jin Faransanci, abin ya fi muni, don kowa na tsoron ɗan uwansa ko ɗan rahoto ne. Sai ya aika ki. Baƙar mace daga ƙasar da ba su taɓa jin sunanta ba, ba ta wannan ɓangare, ba ta wancan. Kika je, bakuna suka buɗe.

Ni ne mai ɗaukar miki rakodar nan zuwa tashar bas ranar da ba ni da aiki. Kai, wannan rakoda! Nauyi kamar dutsen niƙa. Ina tafe ina mita, kina gaba kina cewa, “Isufu, kai da ke ɗaukar firji a magaza, wannan ɗan abin ne zai kashe ka?”

Farfesan ya kafa doka: ba a rubuta sunan kowa, lamba ake ba mutum. Kin bi dokar nan sau da ƙafa, ni shaida ne. Tambayoyinsa ba su taɓa haɗuwa da sunan kowa a hannunki ba. Sai dai ke a wurinki gaisuwa ba ta cikin aiki. Gaisuwa gaisuwa ce, ana yin ta kafin a fara komai, kuma ke ba ki iya gajeriya ba. Gaisuwar Damagaram kike ɗauka ɗungurungum ki juye ta cikin Faransanci. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina yara, ina baƙunta. Mai burodin unguwarmu har ɓuya yake yi in ya hango ki, don layi na tsaye ke kuwa sai kin ji lafiyar surukarsa. Na sha yi miki tsiya a kan haka, kina ce mini ni ne Turai ta lalata.

Ga kuma maganar jan maɓallin nan na ɗaukar murya. Akwai ranar da kika yi hira mai tsawo da wani dattijo, kika dawo gida kika tarar ba ki danna shi ba, kaset ɗin fayau. Kika zauna bakin gado kina kuka kamar an yi mutuwa. Tun daga ranar, da kin shiga gidan mutane kin zauna, kafin ma ki ce uffan, sai ki danna. Saboda haka duk gaisuwarki tana shiga kaset.

Haka kika shiga gidan Buwa. Ta sha ba mu labarin ranar a kan tabarmarmu, tana yi tana kwaikwayon muryarki. Ta ce tun daga sansanin ƴan gudun hijira a Tailan ake yi mata tambayoyi, masu kaki da masu farar riga, kuma kowa ta ba shi sunan ƙarya da garin ƙarya. Sai ga wata ta zauna mata a kujera da ƙaton ɗankwali, ta tambayi barcinta, ta tambayi tarin ɗanta, sannan ta ce, “Ina waɗanda aka baro gida?” Ta ce tun da ta ƙetare kogin da ya raba ƙasarsu da Tailan ba wanda ya taɓa tambayar lafiyar waɗanda ta baro. Sai ta fashe da kuka. Ta ba ki labarin yayanta mai kwale-kwale, wanda ya ƙetarar da su, ya ƙetarar da wasu da yawa, shi kuma ya koma saboda tsohuwarsu ba ta iya tafiya. Kika ce, “Faɗa mini sunansa da garinsu, in sa shi a addu'a.” Ta faɗa miki na gaskiya.

Kuma kin sa shi, wallahi kin sa shi. Shi da wasu da yawa. Ina jin ki bayan sallah kina jero sunayen nan masu wuyar faɗa, harshenki na tuntuɓe a kansu. Na ce, “Dije, mutanen nan fa ba Musulmi ba ne.” Kika ce, “Kariya nake roƙa musu, Isufu, ba limancin Juma'a ba.” 

Wata shekara gidauniyar ta gayyace ku liyafa a Paris. Kika ɗinka sabuwar atamfa, kika sa ni na raka ki sayen kwat, muka zaga shaguna har ƙafata ta kumbura. Kika dawo kina ta walƙiya. Kika ce wani dogon mutum daga cikin manyan gidauniyar, mai Faransanci ta hanci, ya zo har inda kike ya ce, “Madam, kada ki daina gaisuwar nan taki, ita ta fi komai kyau a kaset ɗinki.” Kika ce mini, “Ka ji ko? Kai kana mini dariya, ga manya sun yaba.” Sati guda kina goranta mini maganar nan, ni kuma a ɓoye ina jin daɗi.

Binciken ya ƙare, kika samu takardarki, kika kama aikin taimakon iyalai, kika yi ta cika wa mutane takardun gida da na asibiti har kika yi ritaya. Amma Buwa ba ta ƙare ba. Da labari ya zo, bayan wasu shekaru, cewa an kama yayanta an kai shi sansanin da suke kira na gyaran tunani, kuma bai fito ba, ke kika tattara kayanki kika koma gidanta da Rabi a goye. Kika bar ni da tukunyar miya da umarnin kada in ƙone ta. Na ƙone ta.

Daga nan kuka zama abu guda. Kika koyi shinkafarsu mai danƙo, ta koyi tuwo tana cewa abinci ne na marasa haƙora. Ta sayi sabuwar tukunya da sabon cokali domin ke kaɗai, ta ce naman alade bai taɓa ganinsu ba kuma ba zai gani ba. A ciwonki na ƙarshe, tsohuwar nan da sandarta take hawa bas ta sauka ta shiga metiro ta hau tiram, da romo a jaka, don kawai ta zauna ta matsa miki ƙafa tana yi wa likitoci faɗa.

To, Dije, ga abin da ya faru.

Bayan an yi miki arba'in da ɗan lokaci, Rabi ta kira ni ta ce wata mata mai binciken tarihi tana nemanki, ta ga sunanki cikin waɗanda suka yi wa farfesan aiki. Da aka ce mata kin rasu, ta ce ko za ta iya ganina. Na ɗauka yabo za a yi. Na sa babbar riga ta shadda, na hau jirgin ƙasa zuwa Paris ina shirya abin da zan faɗa a kanki.

A falon Rabi muka zauna da rana tsaka. Mace ce mai ladabi, ba ta kai Rabi shekaru ba, ta kawo furanni, ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata. Sai ta yi ta juya kofin shayi a hannunta. Daga baya ta ce gidauniyar nan ba gidauniya ba ce. Suna ne kawai da ofis. Kuɗin na hukumar leƙen asirin wata babbar ƙasa ne, ta ƙetaren teku, wadda ke yaƙin sunƙuru da ƴan kwaminis a lokacin. Ta ce kowane kaset da kuka ba farfesa, ana aika musu irinsa. Kuma su ba ruwansu da abin da ƴan gudun hijira ke ci ko lakkol ɗin yaransu. Abin da suke nema shi ne waɗanda suka rage a can: wa ke da jirgin ruwa, wa ya san hanyar daji, a wane gari yake, don su aika a neme shi ya yi musu aiki. Ta ce a kaset ɗin sauran ɗalibai ba su samu komai ba. A naki suke samu, a farkonsa, kafin tambaya ta ɗaya.

Na ce mata ƙarya ne. Na faɗa da ƙarfi har jikanki ya leƙo daga ɗaki. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce in na yarda akwai abin da za ta kunna mini.

Wayyo, Dije. Muryarki ce. Muryarki ta ƙuruciya, siririya, da dariyar nan a ƙarƙashinta. Ina gajiya, ina sanyi, yaya tarin yaron. Rabi ta toshe bakinta da mayafi. Ni kuwa na manta abin da ya kawo mu, ina ta murmushi kamar wawa, har na ji Buwa ta fara kuka, na ji kin ce ta faɗa miki sunan yayanta, na ji ta faɗa, da garin, da gefen kogin da yake ɗaure kwale-kwalensa. Sai na ce ta kashe.

Na tambaye ta ko sun je wurinsa. Ta ce ba ta sani ba. Na ce ko dalilin kama shi ke nan. Ta ce ba ta sani ba, an kama mutane da yawa a shekarun nan ba tare da wani dalili ba, kuma an kama wasu saboda an ga baƙo ya zo wurinsu. Farfesan fa? Ya mutu tuni. A ganinta ya san rabi, ya ƙi tambayar sauran rabin. Ke fa? Nan ta dube ni sosai ta ce ke ba ki sani ba, ta tabbata, don ta ga inda suka yi shawarar kada a bari ki gane, wai in kin gane za ki daina. Ta ce littafinta zai fito, kuma labarinki na ciki.

Allah Ya isa, Dije. Na faɗa a falon Rabi, ina sake faɗa a nan kowa ya ji. Mutum ya zauna a ofis mai ɗumi ya mai da addu'ar matata tarko. Allah Ya isa tsakaninmu da su.

Da matar ta tafi, Rabi ta riƙe hannuna ta ce, “Papa, don Allah kada ka faɗa wa Tanti Buwa. Ka bar tsohuwar nan ta ƙarasa kwananta lafiya. Mama ba ta yi laifin komai ba.” Na ce na ji. Na dawo Lyon na samu liman, shi ma ya ce abin da mutum ya yi bisa rashin sani da kyakkyawar niyya Allah ba Ya kama shi da shi. Na ce na ji. Amma kin san ni da taurin kai, ke kika fi kowa sani. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Yafiyar da Buwa ta yi miki ranar makoki ta abin da ta sani ce. Wannan ba ta san shi ba, kuma daga bakinta aka ɗauka, ta hannunki ya wuce. Ke ba ki da bakin da za ki je ki ce mata ta yafe. In ban je ba, wa zai je? Ga shi jikokinta ƴan jami'a ne, littafin zai faɗa hannunsu, ta ji a bakin waje cewa mun sani muka yi shiru.

Na sayi lemu na tafi Rillieux da hantsi. Ta buɗe mini ƙofa tana faɗan na rame. A kusurwar falonta, kin san wurin, inda take kunna turare gaban hoton yayanta, ta ƙara naki a gefensa, wanda aka ɗauke ki ranar bikin Rabi. Na zauna na fara gaisuwa. Na gaida ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya, na gaida jikoki, na gaida ciwon bayanta, na koma na sake gaida ƴaƴan. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta ce, “Isufu, yau gaisuwarka ta fi ta matarka tsawo. Wa ya mutu?”

Na faɗa mata duka. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na faɗa mata abin da matar Paris ta sani da abin da ta ce ba ta sani ba. Na ce na zo ne a madadinki in roƙe ta ta yafe miki, don a addininmu haƙƙin mutum sai shi ya sauke shi da bakinsa.

 Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka albasar, ƙanana-ƙanana, har ta wuce yadda ake yankawa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kowa na yi wa ƙarya. Sojoji, ƴan coci, masu takardu, kowa. Ita kaɗai na faɗa wa.” Na ce na sani. Ta ce, “Tafi gida, Isufu.”

Ina sa takalmi a bakin ƙofa na ga ta tashi ta ɗauke hotonki ta sa a aljihun tebur. Ba ta raka ni asansar ba, ba ta ƙulla mini abinci a leda ba, abin da ba ta taɓa fasawa ba tun da na san ta. A bas na zauna ina kuka a gaban ƴan makaranta, tsoho da furfurarsa, ko kunya ban ji ba.

Makonni suka wuce, shiru. Na kira, ba ta ɗauka ba. Rabi ta ce, “Ai na faɗa maka, Papa,” ta kuma yi gaskiya. Na ce a raina na je neman miki yafiya na dawo na raba ki da aminiyarki. Har da ke na yi fushi, kin ji in faɗa miki. Ina wanke kwano ina yi miki faɗa ni kaɗai: ke da gaisuwarki! Ba za ki iya cewa sannu ki wuce kamar sauran mutane ba? Sai kin tono kakan mutum da garinsu?

Sai kuma in tuna da gaisuwar nan kika kama ni. Ina zaune a wurin cin abincin ɗalibai, sabon zuwa, na kwana biyu ban yi magana da kowa ba, ina kallon wani abinci da ban san ta inda ake fara shi ba. Kika ajiye farantinki a gabana kika ce, “Sannu, ɗan gida. Ina baƙunta? Ina su Inna da aka baro?” Da ba ki tambaya ba, da yanzu ina can na koma Damagaram da kayana tun watan farko. Yaya zan ce da ma ba haka kike ba? Ina kewarki, Dije. Gidan nan ya yi mini girma, kuma ba wanda ke tambayata gajiya.

Ranar Laraba da ta wuce waya ta yi ƙara. Buwa ce. Ba sallama, ba gaisuwa. Ta ce, “Juma'a da safe ka zo ka kai ni wurinta.” Ta kashe.

Ranar Juma'a muka hau bas. Tana rungume da jakarta a cinya. Da muka shiga ɓangaren Musulmi na maƙabartar, muka iso kanki, na ɗaga hannu zan fara addu'a, sai ta nuna mini wata bishiya da sandarta ta ce in je can in tsaya.

Dije, kin sha faɗa! Da kina da rai da kin nemi wurin ɓuya. Ta tsaya a kanki ta dogara sanda, tana nuna ƙasa da yatsa, tana zuba yarensu kamar yadda take yi wa mai kifi a kasuwa in ya ba ta na jiya. Muryarta ta hau, ta sauka, ta karye, ta sake hawa. Wani mai shara ya tsaya yana kallo, na yi masa alama ya wuce. Jefi-jefi takan faɗo cikin Faransanci, a nan na tsinci kaɗan. “Shashasha! Ke da kika yi jami'a, ba ki tambayi masu kuɗin su waye ba?” Sai kuma, “Ni ma shashasha, da na ga ɗankwali na saki baki.” Sai kuma ta ce kin tafi kin bar ta da wannan ita kaɗai, ba ta da wanda za ta kai wa ƙararki, don ke take kai wa ƙarar kowa.

Da ta gaji, ta tsaya tana huci. Ta yafito ni, ta ce in riƙe ta ta durƙusa. Ta buɗe jakar ta fito da ƴar kwalbar ruwa. Ta sunkuya ta fara zuba shi a ƙasa a gefen kabarinki, siriri, a hankali, ba ta bari ya yanke ba, bakinta na motsi. Na ji sunan yayanta. Ba zan rubuta shi a nan ba, sunan nan ya yi yawon da ya ishe shi. Bayansa na ji naki. Ta ci gaba da zubawa har kwalbar ta ƙare.

Na ce mata mene ne wannan. Ta ce, “Haka muke aika wa namu da suka tafi. Ba a zuba wa bare.”

Kin san ni, sai da na ƙara. Na ce, “To Madam Buwa, kin yafe mata? Ina so in ji da kunnena.” Ta harare ni da jajayen idanu ta ce, “Ka ga na zuba ruwan ko ba ka gani ba? Kada ka sa tsohuwa magana biyu. Ɗaga ni, gwiwata ta riƙe.”

Na ɗaga ta. Ban san yadda mala'iku ke rubuta irin wannan ba, Dije, ban kuma tambayi liman ba, don kada ya ce mini wani abu. Ni dai ina tsaye na gani, kuma in an tambaye ni ranar da ake tambaya, zan ba da shaida.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki abin da kika sani da abin da ba ki sani ba. Allah Ya dubi niyyarki, Ya sauke miki duk wani nauyi da wasu suka ɗora miki ba da saninki ba. Mai kwale-kwalen nan da ya ƙetarar da bayin Allah ya koma saboda uwarsa, ya Ubangiji Kai Ka san shi, Ka san inda yake kwance, mun bar Maka shi. Allah Ya ba Buwa lafiya da sanyin zuciya, Ya sa ta daɗe tana yi mana faɗa. Ni kuma Allah Ya kyautata ƙarshena, Ya sada ni da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

Ki huta lafiya, an sauke.

Mijinki,
Isufu